Ranar Juye a Wurin Niƙa

A Bilbis, kamar sauran garuruwan ƙasar Tsafe, da hantsi ya yi za ka ji injin niƙa ya ɗauka. Yara na jere da kwanuka da bokitai, wannan dawa, wancan masara, waccan jiƙaƙƙen wake na ƙosai. Injin da ke jan bel ɗin ɗan ƙarami ne, mai fistin ɗaya, mai shan gas, ruwan da ke kansa yana ta tururi. Kowa ya san shi da ƙara da hayaƙi. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne ranar da mai injin zai sallami na ƙarshe a layi, ya kashe shi, ya durƙusa a gindinsa da sifana da yankakken galan. Ranar juye ke nan.

Wanda ya san aikin ba ya juye da sanyin safiya. Sai injin ya yi aiki jikinsa ya ɗau ɗumi, domin a lokacin ne baƙin mai ke sakin jiki, ya fito da dattin da ke cikinsa tun bai kwanta ba. A kwance notin ƙasa, a tara galan, a jira. Yaron shago kan ƙosa ya ce, "Maigida, ai ya ƙare." Shi kuwa ya ce, "Bar shi, yaro, na ƙarshen nan shi ne mugun." Kafin ya gama tsiyaya an ciro matatar mai an wanke ta da gas, an kwance ta iska an kakkaɓe. Sannan a mayar da noti, a ɗaure shi ba da ƙarfin tsiya ba, a zuba sabon mai ta mazurari mai tsabta. A zaro geji, a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin zane biyu. Idan ya gaza, ƙarfe zai ci ƙarfe. Idan ya wuce, zai yi kumfa, ya tsattsafo, injin ya riƙa ƙona shi.

Baƙin mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ke raba mital da karanshaf, shi ke rage zafin fistin, shi kuma ke kwashe baƙin hayaƙin da ke silalowa ta gefen ringi. Dalili ke nan man injin gas ke yin baƙi cikin kwana kaɗan, ko da sabo ne fil. Saboda haka launi ba ma'auni ba ne, haka murza shi tsakanin yatsu biyu. Ma'aunin shi ne awoyin aiki. Littattafan irin waɗannan ƙananan injuna kan ba da tsakanin awa 100 zuwa 250, gwargwadon samfurin inji. Mota tana da agogon da ke lissafa tafiyarta, injin niƙa ba shi da komai sai hankalin mai shi. Wanda ke niƙa awa shida kullum ya cika awa 100 kafin mako uku. Na sha ganin bangon shago da zanen gawayi, kowane layi yini guda, kuma ban raina wannan ilimi ba.

Ga ƙurar hunturu, ga garin da ke tashi ya cika ɗaki har gashin ido ya yi fari. Duk wannan injin yake shaƙa, abin da ya kuɓuce wa matata kuma cikin mai yake ƙarewa. Bayan kaka, lokacin da hatsi ya shigo gida aiki ya yi yawa, a nan ne ya kamata a matso da ranar juye, ba a ɗaga ta ba.

Tsofaffin masu niƙa har yanzu suna yabon Lista, injin kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila, wanda aka fara ƙerawa wajen 1930, aka daina a can a 1987, masu ƙira a Rajkot ta Indiya suka ci gaba da fitar da irinsa. Juyi 650 kacal yake yi a minti. Na Sin da suka cika kasuwa yanzu suna kai 2,000 ko fiye, don haka mansu ya fi saurin gajiya. 'Yan uwan waɗannan injuna suna cikin ƙananan jiragen ruwa masu filafilai a Turai. Can babu sararin tara galan a ƙasa, sai a zuƙo man da famfo ta ramin geji, kuma sukan yi juye kafin su ajiye jirgi lokacin sanyi, don tsamin tsohon mai na cin ƙarfe ko injin na kwance. Mai injin da zai rufe shago ya tafi gona da damina, wannan darasi nasa ne.

Na san kuɗi sun yi wuya, man awo a kwalba kuma ya fi na rufaffen galan sauƙi. Amma araha ba ta ado. Idan inji ya buga, sai an kwashi karanshaf zuwa Gusau ko Funtuwa, a kan hanyar da ba kullum hankali ke kwanciya da ita ba a shekarun nan. Kafin ya dawo, matan unguwa sun koma turmi da dutsen niƙa, mai ƙosai ta yi asarar kasuwa.

Saura tsohon man da ke galan. Wasu na shafa wa katako saboda gara, wasu na zuba wa dabba a miki, wasu na kwararawa a kwata. Guba ne, ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ragowar ƙuna, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya ɓata rijiya. A rufe shi a jarka, a nisanta shi da buhu da kwanon jama'a, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa garin kowa. Abincin gidaje da yawa ne ke bi ta wannan ɗaki, mai injin kuwa amana aka ba shi.