Wane Ne Mai Sunan da Ke Jikin Leda?



A da, ƙararrakin da suka fi zuwa zauren Sarki ba sa wuce bashi, iyakar gida da rikicin aure. Cikin shekarun nan wata irin ƙara ta shigo wadda iyayenmu ba su san ta da wannan siffa ba, wato jayayya a kan suna. Mai kilishi ya zo yana cewa an buga sunansa a jikin ledar da ba daga hannunsa ta fito ba. Tela ya ce wani ya ɗauki hotunan ɗinkinsa da sunan shagonsa ya buɗe shafi a Facebook yana karɓar kuɗin mutane. Mai haɗa turaren wuta da humra ta aiko ɗanta da kwalabe biyu masu takarda iri ɗaya, ɗaya nata, ɗaya kuwa ko ƙamshi ba ya riƙewa. Mu da ke zaune a gefe da alƙalami muna rubuta abin da kowa ya faɗa, mun ji waɗannan maganganu har mun ga shiru ba zai yi ba.

Wadda ta fi ciwo a cikinsu ita ce ta maigida da yaronsa. Mutum ya shekara talatin yana bakin wuta har sunansa ya zama shaida, matafiyi ya sauka daga Duwala ko Garwa ba ya tambayar kowa sai shi. Ya yaye yaro, ya ba shi jari, ya sa masa albarka. Yaro ya koma wani gari ya kafa allo da sunan maigida, yana ganin ai gidansu ne, bai ɗauki komai ba. Idan naman ya yi kyau, shi ke nan. Idan ya yi wari, sunan tsoho ne ya yi wari. Irin wannan ana iya kashe ta a zaure, domin yaron yana jin kunyar Sarki, uwarsa kuma tana unguwa. Amma ikon zaure iyakarsa inda ake jin kunyarsa. Ranar da mai kwaikwayon ya zama baƙo, ba ya jin Hausa, bai taɓa taka unguwar ba, sai dai a yi wa mai ƙara addu'a a sallame shi.

Sanya alama a kan kaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makiyayi yana da shaidar da yake yi wa dabbarsa, mai aika huhun goro yana da alamar da wakilinsa zai gane, wasiƙar sarki ba ta zama wasiƙa sai da hatimi. Abin da ya sauya shi ne masu shaida. A da kasuwa ce shaida, domin kowa ya san kowa. Yau kaya na tafiya a mota da jirgi zuwa hannun wanda bai taɓa ganin fuskar mai su ba, abin da ya sani kawai shi ne rubutun da ke jikin leda.

Akwai masu cewa suna ba dukiya ba ne, tun da ba a aunawa ba a ɗauka. Malamai sun riga sun duba wannan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar da aka yi a Kuwait cikin watan Disamba na 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci, alamar kasuwanci, haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta dukiya, ana iya sayar da su, kuma bai halatta a keta su ba. Ko ba wannan ba, duk wanda ya zauna gaban malami ya san hukuncin algus. Wanda ya sa sunan wani a kan kayansa ya cuci mutum biyu, mai sunan da mai saye.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne, ofishin da ke rajistar waɗannan alamu yana nan cikin Yawunde, gari ɗaya da unguwarmu ta Briqueterie, amma da wuya ka sami ɗan kasuwarmu da ya taɓa shiga. Sunan hukumar OAPI. Asalinta yarjejeniyar Libreville ce ta 1962, sannan aka sake kafa ta da yarjejeniyar Bangui ta ranar 2 ga Maris 1977, aka yi wa yarjejeniyar gyara a 1999 da kuma 2015. Ƙasashe 17 ne a cikinta, har da Kamaru, Nijar, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Gabon, Benin, Togo, Mali da Senegal. Rajista ɗaya tana aiki a dukkansu. Wanda ya yi rajistar alamarsa a nan, ta kare shi a Yamai, ta kare shi a Njamena da Kotonu, ba sai ya bi ƙasa-ƙasa ba. Ga mutanen da fatauci ya warwatsa su a waɗannan garuruwa kamar mu, wannan ba ƙaramar dama ba ce.

Sai dai akwai magana mai ɗaci da ya kamata kowa ya ji. A dokar wannan hukuma, alama ta wanda ya fara shigar da takarda ce. Ba a fara tambayar wa ya fi daɗewa a kasuwa. Mutumin da ya shekara talatin da suna bai yi rajista ba, wani na iya riga shi, gobe kuma ya aiko masa da takardar lauya cewa ya sauke allonsa. Doka ta bar ƙofa ga wanda aka yi wa irin wannan ƙwace da gangan ya nemi a mayar masa, amma ƙofa ce mai wa'adi, kuma tana buƙatar hujja a rubuce: rasit, tsofaffin ledoji, hotuna masu kwanan wata, takardun aika kaya. Rantsuwar mutanen unguwa tana da nauyi a zaure, a can kuwa takarda ake nema. Shi ya sa muke roƙon 'yan kasuwa su daina jefar da littafin rasit idan ya cika.

Da yawa kuma suna zuwa mana da takardar rajistar kasuwanci da suka karɓo daga ofishin kotu, ko takardar haraji, suna cewa ai sun yi rajista. Waccan takarda tana shaida cewa kai ɗan kasuwa ne da hukuma ta sani. Ba ita ce rajistar alama ba, kuma ba ta hana wani ya buga irin tambarinka a kan kayansa.

Hanyar kanta ba ta da wani sirri. Ana fara bincike a ga ko wani ya riga ya riƙe sunan ko mai kama da shi. Sannan a zaɓi aji, domin an kasa kayayyaki da ayyuka gida 45 a tsarin da duniya ke bi, 34 na kaya, 11 na ayyuka. Kilishi da sauran nama suna aji na 29, yaji yana na 30, zoɓo da sauran abin sha marar sa maye na 32, tufafi na 25, turare na 3, gidan abinci na 43. Kariyar tana bin ajin da aka biya wa, don haka mai kilishin da ke sayar da yaji a kwalba ya tuna da aji biyu. Ana iya shigar da takarda a hukumar kanta, ko ta ofishin da ke wakiltarta a ma'aikatar masana'antu, ko ta hannun wakilan da ta amince da su. Bayan haka ana buga alamar a mujallar hukumar, a ba duk mai ƙorafi watanni uku ya yi magana. Idan an gama, rajista tana aiki shekara 10, ana kuma sabunta ta duk bayan shekara 10 ba iyaka. Wanda ya yi rajista ya ajiye bai yi amfani da alamar ba har shekara 5 a jere, ana iya neman kotu ta soke ta. Mai takarda a hannu kuwa yana iya neman umurnin alƙali a je a kama kayan jabu, ko Facebook ma idan ka kai ƙarar shafin bogi lambar rajista za su tambaye ka.

Ba kowane suna ne ke karɓuwa ba. Babu wanda zai mallaki kalmar kilishi shi kaɗai, ko ya ce “turare mai kyau” nasa ne, domin waɗannan bayanin kaya ne, na kowa ne. Tutar ƙasa da tambarin hukuma ma ba a yarda da su. A nan muke da rauni, don mun saba da sunaye irin su Alheri, Nasara da Albarka, waɗanda za ka samu a allo goma a titi ɗaya. Sunaye ne masu daɗin ji, kuma ba mu ce a bar neman albarka ba, amma wanda ya haɗa sunan da wani zane ko wata kalma tasa ta daban ya fi samun abin da zai iya tsarewa.

Masu kai kaya Mubi, Yola ko Kano su lura cewa Najeriya ba ta cikin OAPI. Takardar Yawunde ba ta da ƙarfi da zarar an tsallaka iyaka. Can akwai nasu ofishin a Abuja, rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14. Gana ma tana da nata tsarin daban. Haka kuma ɗan Kano da ya yi rajista a gida, sunansa a buɗe yake a kasuwannin Kamaru da Nijar har sai ya zo nan ya yi.

Mun san inda gizo ke saƙar: kuɗi. Rajista tana cin ɗaruruwan dubban sefa, ban da ladan wakili, kuma wannan jarin wani ne gaba ɗaya. Ba za mu ce wa mai tallan ƙosai ta je ta yi ba. Amma wanda ya kai matsayin buga leda dubu-dubu da sunansa, ko yana aika kaya wani gari, ya raba kuɗin nan a kan shekara 10 ya gwada shi da abin da yake kashewa a bikin aure guda. Ga waɗanda ba za su iya su kaɗai ba, doka ta tanadi alamar ƙungiya, inda masu sana'a ɗaya za su riƙe tambari ɗaya da ƙa'idojin da suka yarda da su, duk wanda ya saɓa a cire shi. Mahautanmu da telolinmu suna da shugabanni tun kaka da kakanni, abin da ya rage shi ne a sa tsarin a takarda.

Wasu sun riga mu. A 2013 hukumar ta yi rajistar masoron Penja da farar zumar Oku a nan Kamaru a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasar da suka fito. Nijar ma ta samu irin wannan shaida ga kilishinta da albasar Galmi. Ita albasar sai da aka yi ja-in-ja, domin wani kamfanin iri daga Senegal ya taɓa neman a ba shi haƙƙi a kan irin da wannan suna, 'yan Nijar suka tashi tsaye suka ƙi. Manoman Galmi sun gāji albasar nan daga iyayensu, amma sai da aka yi rubuce-rubuce kafin sunan ya tsira.

Saura maganar gado, wadda ita ce ta fi kawo mu ga rubuta wannan. Idan mai sana'a ya rasu, ana ƙirga gida, shago, kaya da bashi, a raba bisa farilla. Sunan da ya fi shagon daraja ba a cika sa shi cikin lissafi ba. Sai ɗan da ke zaune a shago ya ci gaba da shi yana ganin nasa ne, 'yan'uwansa mata da ke gidajen aure ba su sami komai ba, ƙane kuma ya buɗe nasa da suna ɗaya a ƙetaren titi. Alamar da aka yi wa rajista tana da takarda, ana iya yi mata ƙima, a gada, a sayar, ko a ba wani izinin amfani da ita bisa sharaɗi a rubuce, har da yaron da aka yaye. Saboda haka a duba da kyau sunan wa za a sa a takardar. Sau da yawa tsoho ba ya jin Faransanci, sai ya aiki ɗa ko ɗan ɗaki, shi kuma ya cika takarda da sunan kansa ba da mugun nufi ba, don a gama da wuri. A idon doka, daga ranar shi ne mai alama.

Yanzu idan aka zo zaure rabon gadon ɗan kasuwa, Sarki yakan sa mu tambayi magada tun kafin a buɗe littafi: sunan shagon nan, akwai takardarsa, kuma a hannun wa take?