Zoben da Ya San Lagon Kowa

A littafin J.R.R. Tolkien, The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955, Sauron, mugun labarin, shi ne ya ƙera zoben a wutar dutsen Orodruin. Ya zuba masa kaso mai yawa na ƙarfinsa domin ya mallake masu riƙe da sauran zobban. Tun ran gini tun ran zane: abin da aka ƙera don danniya ba ya aikin alheri.

Ɓatar da mutum daga gani, irin na layar zana, shi ne ƙaramin aikinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake kama kowa ta inda ya fi rauni. Sméagol ya shaƙe Déagol a bakin kogi don kwaɗayin zoben kawai. Boromir kuwa mutumin kirki ne, kishin ceton ƙasarsa Gondor ya sa ya afka wa Frodo, mai ɗauke da zoben. Gandalf ya ƙi karɓar zoben, domin ya san ta tausayinsa za a shigo masa.

Shi ya sa nake ganin mai kyakkyawar niyya ya fi kowa buƙatar tsoron mulki, don shi ba ya zargin kansa.