Wutar Kogin Mekong da Maganar Turmutsutsu

Duk shekara idan Oktoba ta kama, sai hotunan nan su fara yawo a wayoyin yara: duhun dare, kogi shimfiɗe, wani ɗigon haske ja-ja ya taso ya yi sama, jama'a su ɗauki sowa. A ƙasa a rubuta wai wutar aljanu ce a ƙasar Tailan. A zamaninmu, sai wanda fatauci ya kai shi Bankok, kuma ya yi abota da mutanen arewa maso gabashin ƙasar, yake jin wannan labari. Yanzu kuwa yaran da muka ɗora a kan hanyar saro kaya, masu zuwa kasuwar Pratunam ɗauko yadi da takalma da sarƙoƙi, sun fara yankar kwana biyu daga tafiyarsu su je su gani da idonsu. Ina jin su suna gardama a kan ko wutar gaskiya ce ko yaudara. Har yau ban ji ɗaya a cikinsu ya tambayi ta ina ake fita daga wurin idan an tashi ba, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin yana faruwa ne a lardin Nong Khai, inda kogin Mekong ya raba Tailan da Laos, kimanin kilomita 600 daga Bankok. Gundumar Phon Phisai ce ta fi suna, sai Rattanawapi da wasu ƙauyuka har zuwa lardin Bueng Kan. Daren shi ne na cikar wata na 11 a lissafinsu, ranar da suke kira Ok Phansa, wato ranar da malaman addinin Buda masu mayafi ruwan goro suke kammala zaman wata uku na damina a gidajen ibadarsu. Mutanen wurin sun yi imani cewa a ƙarƙashin kogin akwai wani babban maciji mai sarauta, Phaya Nak, kuma shi ne yake harbo wutar don tarbar Buda da ya sauko daga sama bayan ya je yi wa mahaifiyarsa wa'azi. Siffar wannan maciji tana ko'ina a yankin, a bakin matakalar gidajen ibada, a kan turakun fitilu, a goshin kwale-kwale.

Na je can a shekarun da ƙafata take da ƙarfi, tare da wani dillalin yadi da muka daɗe muna ciniki, wanda asalinsa ɗan yankin ne. Tun da hantsi muka bar garin Nong Khai muka nufi Phon Phisai, ga shi tazarar ba ta wuce kilomita 45 ba, amma sai da rana ta karkata muka sami wurin ajiye mota, muka ƙarasa da ƙafa. Bakin kogin nan kuwa ya cika maƙil da tabarmi. Iyali guda sun zo da tsohuwa da jarirai da kwandon shinkafa mai danƙo da gasasshen kifi, sun kama wuri tun safe. Rana ta faɗi, aka saki kwale-kwale da aka ƙawata da fitilu, ana ta kunna wasan wuta, ana sakin fitilun takarda masu tashi sama. A cikin wannan hayaniya ne, can nesa wajen ɗaya gaɓar, wani abu ja kamar ƙwai ya tashi a miƙe, babu hayaƙi, ban kuma ji ƙara ba, ya yi sama ya ɓace. Jama'a suka kaure da ihu. Aka jima wani ya sake tashi. Iyakar abin da idona ya gani ke nan, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba. Wanda yake tsammanin sama za ta kama da wuta zai koma gida yana cizon yatsa.

Amma ni hankalina a daren nan rabinsa yana baya, wajen 'yan lungunan da suka sauko daga titi zuwa bakin ruwa. Abokina ya lura ina ta waiwaye, ya tambaye ni ko wani nake jira. Na ce masa hanya nake ƙirgawa.

Dalili kuwa shi ne ina cikin alhazan shekarar 1990. Ranar 2 ga Yuli ta wannan shekara mutum 1,426 suka rasu a cikin ramin tafiyar ƙafa na Mu'aisim da ke Mina. Allah bai sa ina cikin ramin ba, amma na ga abin da ya biyo baya, na ga takalma tuli guda babu masu su, na ga mutane suna yawo tanti-tanti suna kiran sunayen da ba za a amsa ba. Allah ya jiƙansu. Abin da na ɗauko daga can, wanda har gobe ba ya barina, shi ne cewa a turmutsutsu babu mugu. Kowa a wurin mutumin kirki ne, kowa ibada ta kawo shi, na baya yana matsawa a hankali bai san na gaba numfashinsa ya tsaya ba. Mutane suna zaton tattakewa ce take kisa. Galibi matsi ne: ƙirji ya kasa buɗewa, mutum ya cika yana tsaye. Idan jama'a suka kai shida ko bakwai a filin da bai wuce mita ɗaya kowane gefe ba, to ƙafarka ta daina zama taka, inda taro ya yi can za ka yi. Tun daga lokacin, ko ɗaurin aure na je, sai na san ƙofa kafin na zauna.

Kada wani ya ce wannan maganar aikin hajji ce, bikin bakin kogi daban. A wannan kogin dai, can ƙasa a Phnom Penh babban birnin Kambodiya, ranar 22 ga Nuwamba 2010, daren ƙarshe na bikin ruwa, mutane sama da 340 suka mutu a kan gadar da take shiga tsibirin Koh Pich. Gada ce mai lilo, ta ɗan motsa, aka ce za ta karye, na wannan gefe suka danno, na wancan gefe suka danno. Yawancinsu matasa ne da suka zo kallon tseren kwale-kwale da fitilu. A Seoul ta Koriya ta Kudu, a Oktoban 2022, mutum 159 suka tafi a wani siririn lungu, a birnin da yake da komai na zamani. Ban taɓa jin irin haka ta faru a Phon Phisai ba, kuma ina roƙon Allah kada ta faru. Sai dai bakin kogi wuri ne da ruwa ya riga ya tare maka gefe guda, ga shi ƙarshen damina ne, Mekong yana cike yana gudu, ga duhu, ga dubban mutane da za su miƙe a lokaci ɗaya su nufi titi ɗaya.

Abin da yake ƙona mini rai da yaran yanzu shi ne wayar nan. Mutum ya tsaya a tsakiyar dubban jama'a a ƙasar da bai san harshenta ba, hannunsa biyu a sama, idonsa a gilashi, bai san wa yake gabansa ba, bai san wa yake bayansa ba, fasfonsa yana leƙowa daga aljihu. Wasu har hawa katangar bakin ruwa suke yi don hoto ya fito da kyau. Wasu su biya kuɗi su shiga kwale-kwalen da ya riga ya cika, babu rigar ruwa, alhali ko a kududdufin unguwa ba su iya ninƙaya ba. Duk don me? Don a ga sun je. Kuma abin da za su ɗauko bai wuce ɗigo a cikin baƙin allo ba. Baƙo ko da idonsa makaho ne, balle wanda ya toshe idon da kansa.

Maganar ko wutar gaskiya ce, su kansu mutanen Tailan sun daɗe suna fama da ita. Wani likita a Nong Khai mai suna Manas Kanoksilp ya shafe shekaru yana cewa iskar gas ce da ruɓaɓɓun abubuwa suke fitarwa a ƙarƙashin kogi, take kamawa da wuta idan ta haɗu da iska. Masana da yawa ba su gamsu ba, domin iskar fadama ba ta harbawa sama a miƙe, ba ta kuma san kalanda ba balle ta jira daren biki. A shekarar 2002 gidan talabijin na iTV ya nuna wani shiri da ya ce sojojin Laos ne suke harba harsashi mai haske daga ɗaya gaɓar, nisan kogin da ihun jama'a su haɗiye ƙarar bindigar. Mutanen yankin suka fusata ƙwarai, suka ɗauki abin a matsayin cin mutunci. A wannan shekarar kuma aka fitar da fim ɗin Mekhong Full Moon Party, wanda ya ɗora labarinsa a kan wannan gardama. Ni idan aka matsa mini, bayanin harsashin ya fi kwanta mini a rai, don abin da na gani daga can gefen Laos ya taso, kuma tafiyarsa irin ta abin da aka harba ce. Abokina kuwa ya rantse kakarsa tana ganin wutar tun kafin a fara kawo 'yan kallo da motoci, a lokacin da babu wanda zai ci ribar ko sisi. Ban ƙaryata shi ba, kuma ba zan ƙaryata shi ba.

A nan ne nake jan kunnen masu kaifin baki. Ka je garin mutane, sun shimfiɗa maka tabarma, sun matsa sun ba ka wuri, sannan ka buɗe baki kana yi musu dariya a waya da harshen da ba sa ji, kana kiransu jahilai. Wannan rashin tarbiyya ne. Tsohuwar da ta haɗa tafukan hannunta lokacin da hasken ya tashi, ranar ibadarta ce. Kai Musulmi ka san abin da ka yi imani da shi, ba a kuma ce ka rusuna wa maciji ba, ba a ce ka kunna turare ko ka ajiye furanni ba. Ka riƙe aƙidarka, ka riƙe bakinka. Ka nemi inda za ka yi la'asar da magariba tun da wuri, domin Musulmi kaɗan ne a wannan yanki, ba kamar kudancin ƙasar ba, kuma naman alade ya yi yawa a abincin kan titi, gara ka tsaya a kifi da shinkafa da 'ya'yan itace. Hukuncin halartar bikin kansa na bar wa malamai, su ne masu wannan fage. Na san dai akwai waɗanda zuciyarsu ba za ta natsu ba, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, zamansa a masauki ya fi.

Ɗan ƙanena da yake harkar duwatsu masu daraja tsakanin Bankok da Chanthaburi ya kira ni, ya ce, "Baba, in je ko kada in je?" Na ce masa kada ya je, abin bai kai wahalarsa ba. Da na kwana na tashi sai na kira shi na ce ya je. Domin na tuna mutanenmu nawa ne suka ƙare ƙuruciyarsu suna zirga-zirga a Tailan ba su san komai ba sai filin jirgi da otal da rumfar dillali. Suna cin shinkafar Tailan a gida, ba su taɓa ganin gonar da take fitowa ba, alhali daga tagar jirgin ƙasa na Nong Khai za ka ga gonakin shinkafa iyakar ganinka. Ba su taɓa zama da talakan ƙasar a kan tabarma ɗaya ba. Wannan ma asara ce, kuma ba ƙarama ba. A daren da na je kallon wutar na fahimci mutanen da nake ciniki da su fiye da yadda na fahimce su a duk zaman kasuwa: yadda suke lallaɓa tsofaffinsu, yadda dubbai suke zaune babu faɗa babu zagi, yadda wanda bai san ka ba zai miƙo maka ruwa. Idan za ka je, ka je don su, hasken kuwa in ka gan shi to, in ba ka gan shi ba to, don wata shekarar yakan yi yawa, wata shekarar a ƙirga da yatsu.

Sai dai na gindaya masa sharaɗi, kuma shi ne sharaɗin da nake gindaya wa kowa. Ka isa da rana tsaka ka zaga wurin da ƙafarka, ka san lungu biyu ko uku da suke fita titi. Ka zauna a gefe, kusa da ɗayansu, ko da kallon bai kai na tsakiya daɗi ba. Idan da hali ka bar Phon Phisai ga masu son cunkoso, ka nemi ƙaramin ƙauye a gaba. Da zarar ka ji kafaɗun mutane sun taɓa ka hagu da dama ba ka iya juyawa, lokacin tafiya ya yi, kada ka jira haske na gaba. In matsi ya riga ya kama ka, ka ɗora hannuwanka a ƙirji ka tsare numfashinka, kada ka sunkuya ɗaukar komai, ka bi tafiyar taro kana karkata gefe a hankali. In kuwa an tashi lafiya, ka bar jama'a su wuce, ka zauna a tabarmarka sa'a guda ko biyu, domin titin nan mai lamba 212 shi ne babbar hanyar bakin kogin, kuma motoci sukan kwana a kansa suna rarrafe. Wanda yake tafe da yara ƙanana, ko tsoho irina mai ciwon gwiwa, ko mace mai juna biyu, shi kam ban ba shi shawarar zuwa ba ko kaɗan.

Kuma kada mai zuwa ya manta wurin nan kan iyaka ne. Fitilun da yake hangowa a ɗaya gaɓar na wata ƙasa ne, hanyar shigarta ta halal ita ce gadar da aka buɗe a 1994 tsakanin Nong Khai da Vientiane, kuma mai bizar shiga sau ɗaya idan ya haye, bizarsa ta Tailan ta ƙare ke nan. Duk mai kwale-kwalen da ya ce zai tsallakar da shi ya ga wutar kusa-kusa, ya ce masa ya gode. Ɗakin kwana kuwa da tikitin jirgin ƙasa na dawowa, ya kama su tun da sauran makonni, domin a wannan mako Nong Khai ba ta da gadon da ba a riga an biya ba.