Abin da Kaskon Inji Ke Ɓoyewa

Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma har yau akwai 504 da ke bin hanyoyinmu. Mota mai waɗannan shekaru takan ajiye tarihin ciwonta a kaskon baƙin mai. A ta mahaifina, gutsattsari uku muka tsinta da aka kwance kaskon.

Ga yadda tsohon bakanikenmu na Birnin Gwari ya koya mini tantance su. A wanke da fetur, a kawo maganaɗisu. Wanda ya manne, siriri mai lanƙwasa, karyayyen ringi ne. Fari mara nauyi da ya ƙi mannewa ɓallin fistin ne. Ɓarɓashi mai launin tagulla kuwa, metal ne ya cinye. Namu baƙi ne, mai taurin busasshiyar roba, daga abin da ke danne sarƙar taimin.

Injin yana tashi lafiya, shi ya sa wasu suka ce a ƙyale shi. Amma sarƙa in ta saki tana iya tsallake haƙori, mota ta mutu nan take. Duk wanda ke bin hanyar Buruku zuwa Kaduna ya san ba a kowane daji ake tsayawa a buɗe bonet ba.