Wasiƙa Zuwa ga Auta: Kafin Ka Buga Fosta

Auta na Inna,

Ina fatan kana lafiya, kai da yara da amarya. Har gobe amarya zan ce mata, ko da ta fara aurar da 'ya'ya. Mu nan Tudun Wada lafiya lau, alhamdu lillahi. Buhun dawar ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Amma na ji bayan la'asar ka bi hanyar Tsafe ranar da ka koma. Na sha hana ka wannan, Auta.

Ta bakin Kawu na ji kana shirin neman kujerar majalisar jiha. Ya yi mini ciwo a ce ni da na goya ka sai a zauren wani zan ji labarinka. Na yafe, amma sai ka karanta wannan takarda har ƙarshe, ba irin karatun da kake yi wa allo in Malam ya juya baya ba.

Kawu ya ce kun yi gardama har aka kira isha'i. Kai kana cewa a ƙara wa 'yan majalisa albashi. Shi yana cewa a mai da aikin na ɗan lokaci, a biya su kuɗin zama kawai, kowa ya koma sana'arsa. To ga tawa: ban yarda a ƙara musu ko kwabo yanzu ba. Sai dai dalilina ba irin na Kawu ba ne.

Majalisarmu ta Zamfara mutum 24 ce, mafi ƙanƙantar da tsarin mulkin 1999 ya yarda da ita. Gusau biyu, Tsafe biyu, Bungudu biyu. Sashe na 104 ya ce su zauna aƙalla kwana 181 a shekara, wato a dokance cikakken aiki ne. Amma tambayi mai shayi a Sabon Gari, zai ce maka aikin kwana biyu ne ko uku a mako, sai dogon hutu. Duk wanda zai nemi ƙari, ya fara kawar da wannan zato da aikin da ido zai gani.

Inda kake da gaskiya ba zan danne maka ba. Ainihin albashin da hukumar RMAFC ta yanka wa ɗan majalisar jiha bai kai naira miliyan ɗaya da rabi a shekara ba, kuma ma'aunin tun na wajajen 2008 ne. Ka san abin da naira ta zama tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Sai dai albashi shi ne ƙaramin abin da ke shiga aljihun. Akwai alawus na gida, na mota, na kayan ɗaki, na masu hidima, har na jarida, ga kuɗin sallama in wa'adi ya cika. Ka tuna 2018, da Shehu Sani ya ce kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis? A 2024 Sanata Kawu Sumaila ya ce nasa ya kai miliyan 21. Na Abuja ke nan, na sani. Amma tun daga lokacin, in aka nuna wa talaka takardar albashi, sai ya tambayi ina sauran. Kai da za ka shiga, ka san jimlar abin da ɗan majalisar Gusau ke ɗauka a wata? In mai nema bai sani ba, yaya mai zaɓe?

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce ta ƙofar gida, kuma ita ce ta fi taɓa ni. Tun asuba layi ya kafu. Wannan da takardar magani, wancan matarsa ta haihu, wata an koro ɗanta daga makaranta. Yanzu kuma ga abin da iyayenmu ba su sani ba: kuɗin fansa, da harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauye kafin a bar shi ya girbe gonarsa. Mutumin Magami ko Ɗanjibga da ya zo da hawaye, wa zai iya ce masa babu?

Amma Auta, ko an ninka albashin sau goma, zuba ruwa ne a kwando. Layin yana tsawo ne domin asibitin ƙauye ba magani, makaranta ba malami, hanya ba tsaro. Gyaran waɗannan shi ne aikin da aka zaɓi mutum dominsa. Gwamna ba zai taɓa kuɗin jiha ba sai majalisa ta amince da kasafi. Sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar inda kuɗin suka tafi, tana iya kiran kwamishina ya yi bayani. Ɗan majalisar da ya tsaya sai magani ya isa asibitin Nahuce ya fi wanda ya raba dubu biyar-biyar a ƙofa amfani, ko da na biyun aka fi yi wa kirari.

Sannan ka dubi abokan aikina malamai da na baro a aji. An sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 a 2019, ma'aikatan Zamfara ba su fara ganinsa ba sai 2024, shekarar da ƙasa ta koma 70,000. Ka san malamar nan da ke sayar da awara bayan an tashi don ta ciyar da marayunta. Da wane ido za ka dube ta ka ce naka za a fara gyarawa?

Majalisar nan ta taɓa yin abin da ya faranta mini. A watan Nuwamban 2019, bayan takardar da tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta yana neman a biya shi naira miliyan 10 na kowane wata, ta soke dokar da ke ba tsofaffin gwamnoni da mataimakansu da tsofaffin kakakin majalisa irin wannan kuɗi. Ka tuna yadda Inna, Allah ya jiƙanta, ta sa aka ƙara mata muryar rediyo. Ranar mutane sun ji suna da wakilai.

Ka kwatanta da watan Fabrairun 2024, da majalisa ta dare gida biyu, wasu suna bayan kakaki Bilyaminu Moriki, wasu suka ce Bashir Gummi ne nasu, aka dakatar da wasu mambobi fiye da shekara. Ban shiga wa ke da gaskiya ba. Abin da na sani, mazaɓu sun zauna ba mai magana da yawunsu a lokacin da ake kwashe mutanensu zuwa daji.

Shi kuwa Kawu, ka faɗa masa cikin ladabi cewa zamanin da yake tunawa ya wuce. Gaskiya ne 'yan majalisar Arewa a Kaduna malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e, su zauna 'yan makonni su koma bakin aiki. Tafawa Ɓalewa kansa daga aji ya fito. Amma yau ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe. In babu albashi, wane malami zai ajiye alli?

A Amurka ma ba su daidaita ba. Jihar New Hampshire dala 100 take biya a shekara, Texas dala 7,200, New York kuwa dala 142,000. Inda kuɗin ba su taka kara sun karya ba, masu hali da 'yan fansho ne suka fi iya zama. A nan abin zai fi muni. Kujerun za su koma hannun 'yan kwangila, wanda ba shi da shi kuma ya koma rabe-rabe a gidan gwamnati. Mai jiran ambulan daga gwamna ba zai iya bincikar gwamna ba.

Don haka a biya su, biya na mutunci, amma a fili. A buga kowane alawus a jarida, a karanta a rediyo da Hausa. A riƙa bayyana wanda ya halarci zama da wanda bai zo ba, tunda sashe na 109 ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba uzuri ya rasa kujerarsa. In ƙari ya zama dole, ya biyo bayan na malamai da ma'aikatan asibiti, kuma ya fara aiki a kan majalisa mai zuwa.

Akwai abin da ke hana ni barci. A 2021 'yan bindiga sun kashe ɗan majalisa mai wakiltar Shinkafi a hanyar Funtua. Babu albashin da zai biya ni kai.

Kada ka sayar da gonar Baba don kamfen, ko wa ya ba ka shawara. Noma ne sana'ar da doka ta bar wa mai riƙe da muƙami, kuma mai rumbu a gida shi ke iya cewa a'a.

In don kuɗi za ka shiga, ka zauna a shagonka, ya fi maka albarka. In don mutanenmu ne, ka zo ranar Juma'a da hantsi, ka faɗa mini dokar da za ka fara kaiwa da ma'aikatar da za ka fara bincika. In amsarka ta gamsar da ni, ni zan fara shiga gidajen mata dominka. Ka gaida amarya, ka shafa mini kan takwarata. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.

Yayarka.