Kunun da Kaka Ta Sha

A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, Kaka ta daina cin abinci. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, da ya tafi ya bar ta da ɗacin baki. In aka kawo tuwo sai ta kawar da kai. Fura ta ce ta yi mata tsami. Kunun gyada, wanda a da take shanye kofi biyu kafin hantsi, ta ce ƙamshinsa na tayar mata da zuciya. Kullum zobenta sai ƙara yawo yake a yatsa.

Mu jikokinta da ke zaune da ita a Talata Mafara, abincinmu yana cikin intanet, domin manhajar kwamfuta muke rubutawa daga ɗaki. Da layi ya ɗauke, sai muka koma shiga mota zuwa Sakkwato sau ɗaya a mako, mu tura aiki, mu kira 'yan uwa mu ce muna raye. An rufe kasuwannin mako-mako a lokacin, har da tamu ta Talata, don haka cefanen da ya gagara a gida can muke yo shi.

A wata tafiya muka ga mai baro da kwakwa. Nan ba ƙasar kwakwa ba ce; daga bakin teku take hawowa, wurare irin su Badagry, ta kwana a manyan motoci kafin ta iso hannunmu. Muka tuna Kaka na son kwakumeti. Muka sayi guda uku, muka sauke bidiyon wata mata tana dafa shinkafa da madarar kwakwa har ta zama kunu mai kauri, muka kamo hanya da murna.

Gwajin farko asara ce. Mun ɗebi shinkafar dafawa daga buhu, mun juye madarar kwakwa ɗaya gaba ɗaya, mun ba ta wuta sosai don mu gama da wuri. Ƙwayoyin suka tsaya kowace da kanta, mai ya taso ya kwanta a sama, gindin tukunya ya kama. Hannu ya kai ga waya don mu tambayi dalili, kamar yadda muka saba in aiki ya ƙi, sai muka tuna babu wanda za mu tambaya. Kwakwa ta rage biyu, Sakkwato kuma sai wani mako.

Ƙauri ne ya kai wa Kaka labari. Daga ɗaki ta ɗaga murya:

“Ku, mi kuka ƙona?”

Muka kai mata tukunyar. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza tsakanin yatsu, ta dube mu.

“Wagga shinkafa an riga an dafa ta cikin ɓawonta. Ba ta da sauran abin da za ta ba ku. Ku ɗauko ta Kawunku.”

Ta Kawu ita ce shinkafar tuwo da yake aiko mana daga gonarsa ta noman rani a Bakura. Daga baya muka gane abin da take nufi. Kaurin irin wannan kunu daga sitacin shinkafa yake fitowa. Wadda aka turara kafin a sheme ta, sitacinta ya riga ya daskare a cikin ƙwaya, shi ya sa take yin warawara. Ta tuwo kuwa ɗanya ce, da ta ji ruwa da motsi sai ta saki jiki.

Kaka ba ta taɓa dafa kwakwa ba a rayuwarta, amma ta yi shekara sittin tana dama kunun gyada, kuma ta ce duk abin da ke da mai ba ya son gaggawar wuta. Aka fito da ita bakin ƙofa bisa tabarma, ta zama mai ba da umarni, mu 'yan aike.

Muka jiƙa gwangwanin madara ɗaya na shinkafar har awa biyu, muka tsane ta, muka ɗan farfasa ta a turmi. Muka fasa kwakwa biyun, muka kankare baƙin bayan, muka goge su. Ta sa muka tace sau biyu. Na farko da kofi ɗaya na ruwan ɗumi, muka matse a farin ƙyalle, madara ta fito da kauri, ta ce a rufe a ajiye. Na biyu da kofi huɗu, ya fito tsararo. A cikin wannan na biyun aka dafa shinkafar, da kanumfari uku, ɗan yankin citta da gishiri a bakin yatsa. Gawayi kaɗan ta yarda a zuba a kurfoti, ludayi kuma ta ce kada ya bar gindin tukunya.

Muna cikin juyawa ta fara magana, ba tare da mun tambaye ta ba. Mun san asalinta daga wajen Maradun ne. Mun san an kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, cewa tafkin ya tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, kuma a watan Afrilun 1980 an buɗe wuta kan manoman da suka tare hanyoyi suna neman diyya, aka rasa rayuka da yawa. Duk wannan mun san shi kamar yadda ake sanin darasi. Abin da ba mu taɓa ji ba shi ne fadamar Kakanmu tana da tsamiya biyu a bakinta, kuma a ƙarƙashin ɗaya Kaka ke shimfiɗe mahaifiyarmu in ta kai abinci gona. Ta ce har yau in ta rufe ido za ta iya taka hanyar, sai dai yanzu kifi ke bin ta.

Wajen minti arba'in shinkafar ta narke, ludayi ya fara nauyi a hannu. Ta ce a kwashe rabin garwashin, a zuba madarar farko da dabino shida da muka jiƙa muka dama, a juya har ya ɗauki zafi, a sauke kafin ya tafasa. Muka kawo maganar tsamiya, kamar ta kunun gyada. Ta ce a'a, za ta tsinke shi. Ta ce kuma kada mu damu in ya yi kamar ruwa-ruwa, yana hucewa zai haɗe. Haka kuwa aka yi.

Muka zuba mata a ƙaramin kwano, muka yi tsit. Ta kai cokali ɗaya, ta jima da shi a baki. Ta kai na biyu. A na huɗu ta ce gishiri ya yi kaɗan, wanda a wajen Kaka yabo ne. Ta shanye rabin kwanon, abin da ba ta yi ba cikin kwana tara. Sai ta dubi sauran ta ce:

“Ruwan da ya ci gonarmu, shi ya shayar da wagga.”

Gaskiya ta faɗa, domin gonar Kawu a Bakura daga magudanan Bakolori take sha. Muka jira ko za ta ƙara wani abu. Ta miƙo kwanon ta ce a rufe mata, za ta ƙarasa bayan la'asar.

Da layi ya dawo, mun rubuta yadda ake yin kunun a waya don mu tura wa 'yan uwa. Awo da mintoci duk sun shiga. Da muka zo wurin lokacin zuba madarar farko, muka koma wurinta mu ji ko minti nawa za mu rubuta. Ta ce mu rubuta sai ludayi ya yi nauyi, wanda bai gane ba ya zo Mafara ta riƙe masa hannu.