Amsar da ta gagare ni a semina, a Muda Lawal na tsince ta

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan mastas masu kwana da rubutun bincike, ku ɗan ba ni minti biyar.

Sati uku da suka wuce na gabatar da semina a sashenmu na Fiziks. Bincikena a kan yadda matsin iska ke faɗaɗa layukan haske ne, a iskar da ƙwayarta ke da atom biyu, kuma na zaɓi kabon monoksaid, gubar nan ta hayaƙin janareta. Lissafi na haddace shi kamar karatun allo. Ina gamawa wani malami ya ce, "Malam, bar lissafin nan. Me ya sa layin yake faɗi?" Na ce saboda matsi. Ya ce, "To me matsin yake yi masa?" Wallahi sai zufa. Aka ce in dawo bayan wata guda. In na sake faɗuwa sai ƙarin zango, ga shi Kawu ke biyan kuɗin makarantata da ribar tumatir da albasa.

Ga waɗanda ba 'yan Fiziks ba: kowace iska tana da hasken da take shanyewa. Kabon monoksaid tana shan hasken infrared, wanda ido ba ya gani, a wajen maikiron 4.6. In ka duba a na'ura za ka ga wuraren da ta sha sun jeru kamar haƙoran mataji, su ne layukan. Inda iska ta yi ƙaranci sirara ne, in matsi ya ƙaru sai su yi kauri.

Ranar Asabar, kamar kullum, na tafi rumfar Kawu a Muda Lawal. Akwai wani yaro mai tallan ayaba da ke wucewa ta layinmu. Da sassafe, kafin kasuwa ta cika, in ya ja "ayabaaaa" sai ya kai ƙarshen layi murya ɗaya ba yankewa, har kana iya kwaikwayonta. Wajen azahar kuwa, ga masu baro suna "hanya, hanya", ga 'yan dako da buhun albasa a ka, ga mata da kwanduna. Da ya fara sai a bangaje shi, ya katse, ya sake farawa. Guntu-guntu kake ji, ba za ka iya cewa ga ainihin muryar da ya ɗauka ba.

Ina riƙe da kwandon tattasai na tsaya cak. Kawu ya ce, "Kai ɗan boko, lafiya?" Na ce, "Kawu, ƙyale ni, karatu nake." Ya ce, "A kan tattasaina?"

Amsar ke nan. Ƙwayar iskar tana kaɗawa tana juyawa a kan wani ƙayyadadden sauri, shi ne muryarta. Amma a iskar da muke shaƙa, ana karo da ita sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, kowane karo yana katse kaɗawar. Kaɗawar da ba ta daɗe ba kuwa ba ta da murya guda tsayayya, sai ta bazu hagu da dama. Ka ninka matsi, karo ya ninku, faɗin layi ma ya ninku. Lorentz, ɗan ƙasar Holan, ya yi wannan bayani tun 1906, sunansa ma yana kan lissafin da na haddace ban gane ba. Abin da ya fi ba ni dariya, naitirojin da oksijin da suka cika sararin, su ba sa shan wannan hasken, aikinsu bangaza kawai, kamar masu zuwa kasuwa ba su sayi komai ba.

Kuma layin in ya yi faɗi tsayinsa raguwa yake, kamar tulin albasa da aka baje: albasar tana nan yadda take, tulin ne ya kwanta. Mai auna guba da hasken lesa, in tsayin kawai ya duba ya manta da matsi, zai karanta ba daidai ba. Bauchi tana sama da teku da kusan mita 600, matsinmu bai kai na Legas ba, don haka layin ya ɗan fi siranta a nan. Da irin wannan bambancin faɗi ne ake gane ko gubar tana ƙasa-ƙasa ko can sama, har na'urorin tauraron ɗan Adam suna bin hayaƙin ƙunar daji da rani.

Da yamma muna kwashe kaya na yi wa Kawu bayanin duka. Ya saurara har ƙarshe, ya ce yaron ayaba kaɗai ya gane. Na ce, "To Kawu, ga wanda ya fi sauƙi. Gubar nan ba ta da wari ba ta da launi. Don Allah a fitar da janaretan nan daga zaure, su Yaya ƙarami a nan suke kwana." Ya yi shiru, ya ce sai dai in ni zan sayo sarƙa da kwaɗo, don ba zai bar wa ɓarayi ba.

Na sayo jiya. Semina kuma ranar Alhamis mai zuwa ce, ƙarfe goma. A sa ni a addu'a.